Yadda ake zaɓen sabon bugun faifan rok na da, kar a sayar maka da kwali da leda

Jama'a barkanmu da war haka. Wannan bayanin na masu son kiɗan jita ne irin na shekarun 1960 da 1970, su had rok da pank da saikedelik, waɗanda sauraro a waya ya daina isarsu suna so su riƙe abin a hannu, baƙin faifan nan mai juyawa da iyayenmu suka sani tun zamanin garmaho. Bugun farko na irin waɗannan kundayen yanzu sai mai hali, kuma ko ka samu da yawa sun sha allura sun gaji, shi yasa yawancinmu sabon bugu muke saye, wato wanda kamfani ya sake fitarwa. Toh anan gizo ke saƙar, domin kundi ɗaya sai ka ga an sake buga shi sau ashirin sau talatin kuma ba duka ne ɗaya ba, wani ka ɗora allura ka ji kamar makaɗan suna cikin ɗakinka, wani kuma sidi ne kawai aka kwafe aka zuba a roba aka tsawwala kuɗi. A 2022 a Amurka an sayar da faifai kusan miliyan 41, sidi kuma miliyan 33, karon farko kenan tun 1987 da faifai ya wuce sidi a yawa, kaga kuwa duk inda kasuwa ta buɗe haka dole mai aikin kirki da mai neman na abinci kawai su shigo tare.

Mataki na farko, ka tsayar da wane kundi kake so, sannan wace siga tasa

Mutane da yawa suna tsallake wannan kuma shi ne ya fi cin kuɗi. A wancan zamanin kundi ɗaya yana iya fita a Ingila da jerin waƙoƙi daban, a Amurka kuma daban. Misali kundin Jimi Hendrix na farko, Are You Experienced na 1967, na Ingila babu Purple Haze babu Hey Joe a ciki domin can an riga an fitar dasu a ƙananan faifai, na Amurka kuma ya saka su ya cire wasu, har hoton bangon ma ba ɗaya bane. Idan kai Purple Haze kake nema ka je ka sayo sigar Ingila ba tare da ka duba ba, toh ka yi asara ba laifin kowa. Haka kundin The Clash na farko, ya fito a Ingila 1977 amma na Amurka sai 1979 kuma an canza waƙoƙi da dama.

Sai maganar mono da sitiriyo, wato sautin da aka haɗa ya fito ta hanya ɗaya da wanda aka raba shi hagu da dama, wannan ya fi shafar 'yan saikedelik. A 1966 da 1967 yawancin matasa da ƙaramin garmaho mai sifika ɗaya suke sauraro, don haka haɗin mono, wato yadda ake daidaita murya da kayan kiɗa wuri ɗaya a sitidiyo, shi ake zama a yi da natsuwa, sitiriyo sau da yawa daga baya ake yinsa, sai ka ji ganga can a kunnen hagu murya can a dama tsakiya fayau babu komai. Kundin Pink Floyd na farko, The Piper at the Gates of Dawn na 1967, yana da duka biyun kuma an sake buga duka biyun, ni dai mono ɗin nafi so saboda yafi taruwa wuri ɗaya yafi duka a ƙirji, amma wani yana son yawon da sauti keyi daga sifika zuwa sifika a sitiriyon kuma shima yana da hujjarsa. Na 13th Floor Elevators 'yan Texas da ya fito 1966 shima mono ɗin ake nema. Abin da nake so ka gane dai, mono ba ragi bane, haɗi ne daban, wani lokaci har kayan kiɗan da zaka ji a gaba ba iri ɗaya bane.

Akwai kuma wanda aka sake haɗa shi gaba ɗaya. Raw Power na Iggy da The Stooges, 1973, David Bowie ne ya yi haɗin da aka fara fitarwa, siriri ne, jita ta yi gaba ganga ta yi baya, mutane sun daɗe suna ƙorafi. A 1997 Iggy Pop da kansa ya sake haɗawa ya ƙure ƙarar har sautin yana fashewa. Yanzu sabon bugu yana iya zama ɗaya daga ciki, wasu ma faifai biyu ne da duka haɗin biyu. Ka saurari kowanne a intanet tukun kafin ka fitar da sisi, kyauta ne, minti goma ya isheka ka san wanne kunnenka ya karɓa.

Mataki na biyu, ka san yadda ake yin faifan ko da sama-sama ne

Ba dogon karatu bane. Asalin kiɗan yana kan tef ɗin sitidiyo, shi ake kira masta. Injiniya zai kunna shi ya daidaita sautin, wata na'ura mai allura tana sassaƙa tsaga a jikin farantin alminiyon da aka shafe da wani abu mai laushi, wannan shi ne yanka. Daga wannan farantin ake fitar da hatimin ƙarfe, hatimin kuma a masana'anta yake matse roba mai zafi ta fito faifai. Don haka tambaya uku ce ke gabanka a kowane sabon bugu, daga me aka ɗauko kiɗan, wa ya yanka, kuma a wace masana'anta aka matsa. Duk sauran abubuwan da ake rubutawa da manyan baƙaƙe a jikin leda ado ne.

Mataki na uku, ka bincika daga ina aka ɗauko sautin

Anan sai ka karanta sitika kamar mai karanta takardar fili. Idan ka ga an rubuta AAA ko cut from the original analog master tapes, ana nufin daga tef aka yanka kai tsaye bai bi ta kwamfuta ba. Idan kuma remastered from the original tapes kawai aka ce, toh yawanci an juye tef ɗin zuwa fayil ne aka gyara a kwamfuta sannan aka yanka. Idan babu abin da aka ce kwata-kwata, ka ɗauka fayil ne, kuma ba ka san wane iri ba.

Gaskiyar da zan faɗa maka, bin ta kwamfuta ba aibu bane in an yi shi da kyau. Kundayen Led Zeppelin da mai jitarsu Jimmy Page ya sa ido aka sake fitarwa daga 2014, daga fayil mai inganci sosai da aka juyo daga tef aka yi su, kuma suna da daɗin ji, ga sauƙin samu ga sauƙin kuɗi, wanda yake farawa ba zai yi nadama ba. Sannan abin da ya faru a Yulin 2022 ya koya wa kowa darasi, kamfanin Mobile Fidelity na Amurka wanda masu tara faifai suke rantsuwa dashi akan cewa tsantsar tef ne, sai ga shi ya tabbata shekara da shekaru suna bi ta wani matakin dijital mai suna DSD kafin yanka, har magana ta kai kotu aka yi sulhu. Mutanen da suke cewa kunnensu yana gane dijital daga nesa sun yi shekaru suna yabon waɗannan faifan basu gane ba. Laifin kamfanin rashin faɗin gaskiya ne, domin mutum ya biya kuɗin abu ɗaya an bashi wani, amma faifan da kansu da yawa suna da kyau. Kuma wani lokacin ma babu zaɓi, tef yana tsufa yana lalacewa, wasu sun ɓace, wasu sun ƙone a gobarar da ta tashi a ma'ajiyar Universal a Kalifoniya a 2008.

Wanda zaka guje wa shi ne wanda aka kwafo daga sidi, musamman sidin da aka matse sautinsa aka ƙure ƙara. Had rok numfashinsa yana cikin bambancin wuri mai sanyi da wurin da ganga ke faɗowa, idan an daidaita komai ya zama ƙara ɗaya daga farko har ƙarshe sai ka ji kunne ya gaji kafin gefe ɗaya ya ƙare kuma ka rasa dalili.

Mataki na huɗu, ka koyi karanta rubutun da ke kusa da tsakiya

Wannan shi ne wurin da nafi so a duk harkar. Ka ɗauki faifai ka karkata shi a haske, tsakanin inda waƙar ƙarshe ta ƙare da takardar tsakiya akwai fili santsi, 'yan harka suna ce masa dedwaks. A ciki zaka ga lambobi da baƙaƙe, wasu da hannu aka karce su wasu da hatimi, anan mai yanka yake sa hannunsa. KG Kevin Gray ne, BG Bernie Grundman, CB Chris Bellman wanda yake aiki a sitidiyon Grundman, RKS kuma Ryan Smith na Sterling Sound. Idan ka ga ɗaya daga cikin waɗannan toh an biya ƙwararre ya zauna yayi aikin, ba wai kamfani ya tura fayil masana'anta ya ce ku yanka kawai ba.

Don ka ga yadda hannun mai yanka yake da tasiri, ka ji labarin Led Zeppelin II. A 1969 Robert Ludwig ya yanka bugun farko na Amurka da zafi sosai, bes mai nauyi, ƙara a sama, sai ya zama allurar ƙananan garmaho masu arha tana tsalle ta kasa bin tsagar, nan da nan kamfanin Atlantic ya sa aka sake yankawa aka rage masa ƙarfi. Tef ɗaya ne, waƙa ɗaya ce, amma yau wanda yake da RL a dedwaks kuɗinsa ya ninka na ɗaya bugun sau da yawa kuma duk wanda ya ji su a jere ya san ba zancen banza bane. A Ingila kuma akwai George Peckham wanda yake rubuta Porky ko Pecko, hannunsa yana kan faifan rok da pank masu yawan gaske na shekarun 1970.

Zaka ce ai faifan yana cikin leda a wata ƙasa, ta ina zan ga dedwaks ɗinsa. Akwai hanya, tana zuwa a mataki na shida.

Mataki na biyar, masana'anta, da abubuwan da bai kamata su ruɗe ka ba

Masana'antun da sunansu ya yi kyau wajen faifai mai shiru babu ƙaiƙayin ƙara sun haɗa da RTI a Kalifoniya, QRP a garin Salina na jihar Kansas, Pallas da Optimal a Jamus, da Record Industry a Haarlem ta ƙasar Holan wadda take buga kayan Music On Vinyl. GZ Media ta ƙasar Cek tana cikin mafi girma a duniya, tana buga mai yawa ƙwarai don haka zaka samu mai kyau zaka samu wanda sai a hankali. Kamfanin Rhino ma ya fara wani jeri a 2023 mai suna High Fidelity, Kevin Gray ke yankawa daga tef, Optimal ke bugawa, irin wannan da aka faɗa maka komai a fili shi ne abin da ake so.

Yanzu ga tarkon. Gram 180. Kusan duk sabon bugu zaka ga an manna shi da girma kamar wata lambar yabo, alhali nauyin roba ne kawai, zurfin tsagar tun wajen yanka aka gama shi, kaurin faifai baya ƙara masa komai. Faifan da na gram 120 zuwa 140 da aka yanka da kyau zai doke na 180 da aka yi a gurguje, kuma kai da za'a auna maka kaya a kilo kafin a aiko nauyin ma ƙarin kuɗi ne a kanka. Mai launi, ja ko shuɗi ko mai yarfe-yarfe, yana da kyau a ido kuma yawanci sautin ba laifi, amma kar ka ƙara kuɗi mai yawa saboda shi. Mai hoto a jikin faifan kansa kuwa na rataye a bango ne, ƙarar shuuu ɗinsa tana da yawa. Sai wanda aka raba kundi ɗaya zuwa faifai biyu masu gudun juyi 45 a minti maimakon 33, wannan da gaske yana ƙara tsabtar sauti domin allura tana samun fili, amma zaka dinga tashi juyawa duk bayan waƙa biyu, kuma kundin saikedelik da aka tsara gefe guda ya tafi a jere kamar tafiya ɗaya yankewar tana ɓata shi, ni ban cika so ba.

Akan pank kuma bari in faɗi ra'ayina kai tsaye, kar ka kashe kuɗin bugun alfarma. Kundin Ramones na farko a 1976 waƙa 14 ne cikin ƙasa da minti 30, an ɗauke shi cikin kusan mako guda da kuɗi kamar dala 6,400, an yi shi ne ya zo da gudu ya buge ka ya wuce. Bugu na halal mai matsakaicin kuɗi ya wadatar. Inda kuɗi yake biya shi ne irin na Black Sabbath na farko, wanda suka ɗauka cikin yini ɗaya a ƙarshen 1969 kusan kamar suna kan dandali ya fito Fabrairun 1970, ko Machine Head na Deep Purple na 1972, inda akwai sarari da nauyin ganga da bes da mai yanka nagari zai fito maka dasu.

Mataki na shida, ka tantance a Discogs kafin ka biya

Discogs shafi ne da aka fara tun 2000, masu tara faifai ne suke cika shi, kusan duk bugun da aka taɓa yi na kundi yana da nasa shafin daban. Ka rubuta sunan kundin, ka buɗe jerin bugu, ka tace da faifai da shekara da ƙasa. Ko kuma mafi sauƙi ka sa mai sayarwa ya turo maka lambar bakod ko lambar katalog ka liƙa a wajen nema. A shafin bugun ka gangara ƙasa zaka ga an kwafe abin da ke dedwaks harafi da harafi, an rubuta wanda ya yanka da masana'antar da ta buga, a can ƙasa kuma sharhin waɗanda suka saya. Sharhin nan ka karanta shi da kyau, mutum ɗaya ya ce nawa ya zo a lanƙwashe wannan ƙaddara ce, amma mutum goma su ce gefe na biyu yana ƙara toh matsalar bugun ce gaba ɗaya. Shafin yana nuna mafi ƙarancin kuɗin da aka taɓa sayarwa da matsakaici da mafi tsada, da shi zaka san ko ana so a yanke ka.

Idan ka ga kalmar Unofficial a jikin bugu, jabu ne, ba da izinin masu waƙa aka yi ba. Alamominsa a hannu ma basa ɓuya, hoton bango dishi-dishi kamar an yi fotokwafi, babu sunan kamfani na gaske, launin roba barkatai, kuma kundin da kowa ya san yana wahalar samu sai ga shi sabo dal da arha. Saikedelik ya fi kowa fama da wannan domin ƙananan ƙungiyoyin da suka buga kwafi kaɗan suka watse suna da yawa.

Idan na hannu ne ba sabo ba, akwai ma'aunin da kowa ke amfani dashi, M wanda ba'a taɓa ba, NM kusan sabo, VG+ an ɗan mora amma lafiya lau, VG ana jin ƙara, G kuma sunan ne kawai mai daɗi amma ya sha wuya. Daga nesa kar ka sauka ƙasa da VG+, kuma ka duba makin mai sayarwa da yawan cinikin da ya taɓa yi.

Mataki na bakwai, yadda zai iso hannunka lafiya

Mu anan wannan shi ne babban aiki, sau da yawa kuɗin aiko da na kwastan yana kamo kuɗin faifan ko ya wuce. Don haka kar ka sayi ɗaya tilo, ka tara uku ko huɗu a wajen mai sayarwa ɗaya su taho a kwali ɗaya, ko ku haɗa kai da abokai, ko ka tura gidan ɗan'uwa da ke Ingila ko Jamus ya riƙo maka in zai zo, a jakar hannu a tsaye tsakanin kwalaye biyu ba a ƙasan akwati ba. Ka roƙi mai sayarwa ya yi amfani da kwalin faifai na musamman mai kauri, kuma idan ba ka damu da a buɗe leda ba ka ce ya fitar da faifan daga bangon ya ajiye shi a gefe cikin rigarsa, domin idan kaya suna jijjiga a hanya bakin faifan yana yanka bangon ya fasa shi ta sama. Wanda yake Legas ko yake zuwa yana iya leƙa shagon faifai na Jazzhole a titin Awolowo a Ikoyi, gani da ido ya fi.

Ranar da ya iso kar ka barshi a mota ko na awa ɗaya. Na taɓa ɗauko saƙo da azahar a watan Afrilu na ajiye a kujerar baya na shiga wani uzuri, da na dawo faifai ɗaya ya lanƙwashe kamar kaskon tuya, har yau abin yana min ciwo domin ba ya gyaruwa yadda yake.

Mataki na takwas, dubawa da wankewa da kunnawa

Ka wanke hannu, ka riƙe shi ta baki da tsakiya kawai. Ka ɗora a faranti ka tsuguna ka kalle shi daga gefe yana juyawa, ɗan hawa da sauka kaɗan ba komai, amma idan hannun allura yana rawa sosai ko yana kaiwa da komowa hagu da dama toh ya lanƙwashe ko ramin tsakiya bai zauna daidai ba, ka ɗauki bidiyo nan take ka tura wa mai sayarwa. Sabon faifai ma yana zuwa da ƙura daga masana'anta, ka share da burushin kabon kafin kowane kunnawa. In zaka wanke ka nemi ruwa tatacce na kemis da ƙyalle mai laushi, ka bi zagayen tsagar, kar ruwa ya taɓa takardar tsakiya, ka barshi ya bushe a tsaye a inuwa. Banda ruwan rijiya ko na famfo, banda omo, kuma dan Allah kar ka karɓi ruwan batir a wajen makaniki domin wani da asid yake. Idan kana da tsofaffin faifan garmaho na gado masu gudun 78, kar sifirit ya kusance su, narkar dasu yake.

Na'urar kunnawa kuwa, kar ka sa faifan zamani a tsohon garmaho mai allurar ƙarfe, kunnawa ɗaya ya gama dashi. Ƙananan nan masu kama da akwati suma allurarsu tana danna faifai da nauyi kuma sautin babu daɗi. Audio-Technica LP60X ya isa mai farawa, wanda yake da hali ya hau LP120X ko Rega Planar 1 ko Pro-Ject Debut. Kowane kan allura yana da nauyin da aka ƙayyade masa, AT-VM95E gram 2 ne, Ortofon 2M Red gram 1.8, ka sayi ɗan sikelin allura ka saita, kuma ka sani rashin nauyi fiye da kima ma yana ɓata faifai domin allura tana karkarwa a cikin tsaga. Idan amfilifayarka bata da ramin da aka rubuta phono, kuma na'urar bata zo da nata a ciki ba, sai ka sayi ƙaramin akwatin fono mai ƙara ƙarfin sautin allura, in ba haka ba sautin zai fito ƙasa-ƙasa babu bes.

Ga wani abu da ya shafe mu kai tsaye kuma ba'a cika faɗa ba. Wutar Najeriya da Nijar da Gana bolt 220 zuwa 230 ce mai 50Hz, ta Amurka 120 ce mai 60Hz. Taransifoma zata gyara maka bolt amma ba zata gyara 60 ta koma 50 ba, kuma akwai na'urori da injinsu da bugun wutar yake auna gudu, irin wannan in ka kawo ta daga Amurka zata dinga juyawa a hankali, muryar mawaƙi ta yi kauri waƙa ta ja jiki. Ka sayi wadda aka yi don Ingila ko Turai, ko wadda take da adafta mai karɓar kowace wuta. Ƙaramin janareto shima gudunsa baya tsayawa wuri ɗaya, inbata mai tsabtar wuta ta fi, kuma ka sa sitabilaiza.

Mataki na tara, ajiya

A tsaye kamar littattafai, ba a kwance ɗaya kan ɗaya ba, ba a jingine a karkace ba. Ɗakin da ya fi sanyi a gidan, nesa da taga da bangon da rana ke duka da yamma, kuma kar ya kusanci rufin kwano. Rigar takarda da yake zuwa da ita tana karce shi, ka canza da riga mai leda a ciki. Da hunturu iska ta bushe faifai yana jan ƙura kamar maganaɗisu har kana jin tas-tas in ka zaro shi, lokacin ka rufe murfin na'ura kullum, ka goge allura da ɗan burushinta daga baya zuwa gaba. Da damina kuma ka ɗaga su daga ƙasa saboda laima da gara, gara tana son kwalin bango sosai.

Wani ɓangaren da sabon bugu ya yi mana rana

Bazan rufe ba sai na ambaci namu. A shekarun 1970 bayan yaƙin basasa matasa a Legas da gabashin Najeriya sun yi rok mai jita mai ƙara da saikedelik na gaske, su Ofege waɗanda ɗaliban makarantar St Gregory's ne a Legas lokacin da suka fitar da Try and Love a 1973, su Blo, su The Funkees. Bugun farko na waɗannan yawanci ya sha biki ya sha ƙura, masu kyau kuma 'yan kasuwar waje sun kwashe. Kamfanin Soundway ya tattara wasu a Nigeria Rock Special a 2008, Now-Again ya fitar da Wake Up You a 2016 tare da littafin tarihi da Uchenna Ikonne ya rubuta, kuma Now-Again ɗin ne ya sake fito da kayan ƙungiyar WITCH ta Zambiya. A irin waɗannan wani lokaci babu tef ɗin ma gaba ɗaya, daga faifai mafi tsabta da aka samu ake juyowa a gyara, don haka kar ka je da ma'aunin AAA, abin da zaka duba a bayan bango shi ne kalmar licensed, wato an nemi izinin mawaƙan ko iyalansu an biya su. Wasu daga cikin dattawan nan suna raye, kuma jabun kayansu yana yawo a intanet da yawa, idan ka buɗe shafin bugun a Discogs ka ga Unofficial ka rufe ka nemi na halal ɗin ko da zai ɗauke ka wata biyu kafin ya iso.